Ta yaya ake gane fim ɗin da ya yi wa tsofaffi adalci?

Ummu_Khairat:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu kallon finafinan Hausa. Ni dai abin da na lura in aka sako tsohuwa a fim to ko uwar miji ce mai bin bokaye don ta raba ɗanta da matarsa, ko kurma ce ana faɗa mata magana tana jin wata ana ta dariya, ko kuma tana kwance a ɗaki tana tari ana neman kuɗin magani. Tsoho kuma in ba mai gadi ba ne to mai kuɗi ne da ya ƙyalla ido kan ƴar yarinya. Yarana tare da kakarsu suke kallo, yanzu ƙaramin har ya fara kwaikwayon muryar tsofaffin fim yana karkarwa a gabanta, wallahi abin ya dame ni. Ta yaya zan gane wanda ya nuna su da adalci in riƙa zaɓa musu? Ba wai ina son a mai da su waliyyai ba ne fa.

Malam_Sani_Zariya:
Wa'alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka ƴata. Ni na haura sittin, na yi ritaya daga koyarwa, don haka da ni ake. Abin da nake dubawa ɗaya ne, shin wannan tsohon yana da tasa buƙatar a cikin labarin ko an kawo shi ne kawai don labarin yara ya tafi? Har wanda ake ganin an girmama, a zaunar da shi kan buzu da carbi ya yi nasihar minti biyu ya ɓace, shi ma ban ɗauke shi adalci ba, don ba a nuna mana mutum ba, bakin nasiha kawai aka nuna. A unguwarmu tsofaffin mata ne uwayen adashi, su ne unguwar zoma, wata ta haura saba'in tana zuwa Islamiyya da jakarta tana koyon haɗa baƙi, wani abokina matarsa ta rasu ya sake aure kuma soyayya suke sosai, wani kuma har yau shi ke zuwa gona ƴaƴan na gari suna jiran buhu. Ina waɗannan a fim? Ko a tatsuniya ma an fi mu daidaito, akwai tsohuwa mai kai wa sarki tsegumi tana cewa sarki kunnenka nawa, amma akwai tsohuwar bakin rafi da ke cewa yarinya ta cuɗa mata baya, kuma alherin labarin gaba ɗaya daga hannunta yake fitowa.

Abba_Fagge:
Baba Malam gaskiya ne, amma a yi min afuwa zan ɗan saɓa kaɗan. Ba kowace dariya ce raini ba ai, mu Hausawa muna da wasan kaka da jika, kakata har yau angona take ce min, ƙanwata kuma kishiya, in fim ya nuna wannan ni daɗi nake ji. Bambancin shi ne a wasan jika tsohuwar tana ramawa kuma sau da yawa ita ke cin nasara, a fim kuwa ita kaɗai ce ba ta san me ake wa dariya ba. Muguwar uwar miji kuma akwai ta a gari ba ƙarya ba ne, marigayiya Daso da ta rasu a 2024 ta iya fitowa a muguwa har mutane na jin haushinta da gaske, wannan ƙwarewa ce. Matsalar a ce kullum shi kenan. Kuma ku duba masu rubuta labarin yawanci samari ne sa'o'ina, wani lokacin ma ba za a nemo dattijo ba sai a shafa wa yaro hoda a kai a ba shi sanda ya duƙa. Kun tuna hirar dattijuwar jaruma Ladin Cima da BBC Hausa a 2022 da ta yi maganar ƴan dubunnan da ake ba ta in ta fito a fim, aka yi ta ce-ce-ku-ce? Wanda ake kira ya yi fitowa biyu a sallame shi yaushe za a rubuta masa labari nasa na kansa.

Maman_Zongo_Tamale:
Ƴar uwa Ummu ni nas ce a nan Ghana, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maita. Duk fim ɗin da ya nuna tsohuwa mai surutu ita kaɗai ko mai fita da dare a matsayin mayya, kashe shi kawai kar yara su gani. Sau tari ciwon mantuwa ne na tsufa, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, mutum ya manta sunan ƴaƴansa ya fita ya kasa gane hanyar gida, magani da kulawa yake buƙata. A 2020 an yi wa wata tsohuwa ƴar shekara 90, Akua Denteh, duka har ta mutu a Kafaba saboda zargin maita, mutane na tsaye ana ɗauka a waya. Har yanzu akwai matan da ke zaune a sansani irin na Gambaga saboda an kore su daga garuruwansu. Hukumar lafiya ta duniya ma a rahotonta na 2021 ta ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana da ra'ayin raina tsofaffi. Ƴan jarida su ma su gyara, ranar tsofaffi ta 1 ga Oktoba sai dai ka ga an jera su ana miƙa musu shinkafa ana hoto, mai rabon ne ke magana a labaran, su ko sunansu ba a tambaya.

Ummu_Khairat:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam zan riƙa tambayar yaran bayan kallo me tsohuwar nan take so, in sun rasa amsa mun gane. Maman Zongo don Allah wane sashe ake kai mutum a asibiti in an ga alamun mantuwar nan? Akwai wata maƙwabciyarmu da aka fara yi wa ƙananan maganganu.