Kuɗin NHF (asusun gidaje na ƙasa) da ake cire mana a albashi, akwai wanda ya taɓa yin gida da shi?

Abban Khadija, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ni ƙaramin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekara 9 kenan duk wata sai na ga an cire NHF a takardar albashina, ban taɓa bin ba'asi ba. To jiya bayan magariba mai gidan da muke haya ya aiko yaronsa wai an ƙara kuɗin haya, ciki da falo ne fa ga yara uku, in damina ta sauka sai mun jera bokitai a falo saboda yoyo, maman yara ba ta ce uffan ba amma wallahi na ga idonta ya kawo ruwa. Ina da ɗan fili wajen Dakace da na saya da kuɗin adashi. Da gaske ana ba talaka rancen gini da wannan kuɗin, ko sai mai uwa a gindin murhu?

Injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam Malam. Da gaske ne. Tun 1992 aka kafa asusun, kashi 2.5 ake cira, kuma FMBN, wato bankin gidaje na gwamnatin tarayya, shi ke riƙe da shi. In ka yi wata 6 kana zubi ka isa ka nema, ruwan kashi 6 ne a shekara, biya har shekara 30 amma suna duba shekarun da suka rage maka a aiki da ƙarfin albashinka. Ta bankin lamunin gidaje ake bi, su za su kai takardunka FMBN. Inda mutanenmu ke maƙalewa shi ne takardar fili, mu nan Zariya yawanci takardar ciniki ce kawai da hannun mai unguwa da shaidu biyu, banki kuwa C of O yake so, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ita kuma a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ake yinta. Ka fara da wannan. Sannan ka je ofis ɗinku ka karɓi lambarka ta NHF ka tabbatar zubin yana shiga da sunanka.

Maman Walid, Gyallesu:
Yayana Allah ya kawo mafita. Ni abin da ya tsayar da mu shi ne ruwan nan, kashi 6 ɗin ma ai ruwa ne, maigidana ya ce hankalinsa bai kwanta ba, ka tambayi malaminka tukuna kafin ka sa hannu, ka kuma leƙa bankuna irin su Jaiz da ba sa mu'amala da ruwa ka ji tsarinsu. Mu a hankali muka yi, yau bulo ɗari gobe buhun siminti biyu, na sayar da ɗan kunnena muka sa kwano, muka tare ɗaki biyu ko filasta babu, buhu muka rataya a taga. Kuma ka kewaye filin nan ko da layi uku ne na bulo, ƙanina wani dillali ya sayar musu fili ɗaya su biyu, har yau ana zaman sulhu.

Baba Idi, Sabon Gari:
Ɗana ko ba ka ci rancen ba kuɗinka ba su ɓata ba, in ka yi ritaya ko ka cika shekara 60 kana da haƙƙin a mayar maka, ka adana takardun albashinka kar ka yar da ko ɗaya. Kuma tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda mutum ya ɗau har kashi 25 na asusun fanshonsa ya biya kason farko na lamunin gida, sai dai ka tuna abincin tsufanka kake taɓawa.

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Injiniya yanzu na ciro takardar daga ƙasan akwati, yadda ka faɗa hannun mai unguwa ne kawai a jiki. Ranar Litinin in sha Allahu zan shiga Kaduna, banda ita me da me zan riƙe?