Neman kalma: me za mu kira roadie da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar da za ta ɗauki roadie. Tana yawan fitowa a tarihin mawaƙan rok na Ingila da Amurka. Shi ne mutumin da ke bin ƙungiyar mawaƙa gari-gari, shi ke sauke kayan kiɗa, shi ke kafawa, shi ke kwancewa. Ga jimlar da ake so a faɗa: Lemmy, mawaƙin da ya kafa ƙungiyar Motörhead a 1975, ya taɓa yi wa shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix wannan aiki a 1967. To, ya yi masa me? Aro kam ba zai yiwu ba, don in ka rubuta "rodi" Bahaushe ƙarfen gini zai gani.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ai ɗan dako ne. Ko yaron mota, tunda tare da mota yake kwana.

Injiniyan Sauti: Ɗan'uwa, dako wani yanki ne kawai na aikin, kuma ba shi ne babba ba. Bari in zayyana yadda yini guda yake a babban rangadi, sai a auna kalmar a kai.

Tireloli kan iso da sassafe. Masu rataya ne farkon shiga. Su ke hawa rufin zaure su ɗaura sarƙoƙi a ƙarafan sama, kowace sarƙa da injinta na ja, galibi mai ɗaukar tan guda. Kafin su hau, sai an yi wa kowane maratayi alama da alli a ƙasa, don in guda ya goce, nauyi zai taru a gefe ɗaya. Bayansu sai masu fitilu, sai masu lasifika, sannan a haɗa dandamali. Kayan makaɗa, wato ganguna da jita da akwatunan ƙara musu murya, su ne ƙarshen shiga. Haka ake loda tirela ma: abin da za a fara buƙata gobe shi ake sa wa a bakin ƙofa. In aka yi kuskuren lodi da daddare, da safe mutum talatin za su tsaya suna kallon juna ana tonon akwati guda.

Da la'asar a yi gwajin sauti. Masu sauti biyu ne, aikinsu daban. Ɗaya yana zaune a tsakiyar 'yan kallo, yana haɗa abin da jama'a za su ji. Ɗayan yana gefen dandamali, yana haɗa abin da kowane makaɗi zai ji a kunnensa ko a lasifikar da ke gaban ƙafarsa. Wannan ƙara mai tsaga kunne da akan ji a wajen taro tana tashi ne in makirfo ya ɗauki muryar lasifika ya mayar mata, ita kuma ta sake turo masa. Maganinta a gano daidai muryar da ke kai da komowa a rage ta, ba a rage sauti duka ba. Ɗan dako ba ya wannan.

An tashi wasa wajen sha ɗaya na dare, a kwance komai cikin awa biyu zuwa uku, a shiga bas mai gadaje hawa-hawa, a kwanta ƙafa na fuskantar direba saboda birki. Gari na wayewa ana wani birni.

Malama Mai Nahawu: Madalla, Injiniya. To ke nan "ɗan bayan fage" fa? Masu fim da wasan kwaikwayo sun riga sun saba da ita.

Injiniyan Sauti: Malama, tana da kyau amma ta haɗa mutum biyu da ya kamata a raba. A kowane gari akwai ma'aikatan wurin da ake ɗauka na yini guda, su tura akwatuna, su ja wayoyi, a sallame su. Waɗannan su ne 'yan bayan fage, ko ma 'yan dakon da ɗan'uwa ya ambata. Wanda muke nema shi ne mai tafiya tare da ƙungiya wata da watanni, wanda ya san kayan kamar yunwar cikinsa. Ɗauki mai kula da jitar Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones. Richards yakan cire tsirkiya ta shida, ya kaɗa da biyar a wani saiti nasa daban. Wanda aka ɗauka yau da safe ba zai san wace jita za a miƙa masa a wace waƙa ba.

Kuma aikin yana cin rai. A Mayun 1972, a Swansea, wutar lantarki ta kashe Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandamali, ya taɓa makirfon da ba a haɗa masa wayar da ke zubar da wuta ƙasa ba. Shi ya sa ake gwada tsakanin tsirkiyar jita da makirfo da mita kafin mawaƙi ya hau. A Yunin 2012 kuma rufin dandamali ya rufto a Toronto kafin wasan ƙungiyar Radiohead, ya kashe Scott Johnson, mai kula da gangunansu.

Baba Ɗangwanja: Yara, kuna ta zagaye alhali kalmar tana gidanku. Mutane masu yawa, kaya masu yawa, kowace rana sabon masauki, a sauke a kwana a ɗaura a wuce. Wannan ai ayari ne. A da can, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro haka suke tafiya, zango-zango. Shugabansu madugu, shi ke tsai da ranar tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa. Ku duba ko Turawan nan ba su da irinsa.

Injiniyan Sauti: Ranka ya daɗe, suna da shi, kuma ya yi daidai kamar an gwada. Shi ne shugaban rangadi, ba manajan ƙungiya ba. Manaja yana ofis yana ƙulla kwangila da kamfanin faifai. Wannan kuwa yana cikin bas. Shi ke riƙe fasfo, shi ke raba kuɗin guzuri na kullum, shi ke zama da mai shirya taro bayan wasa a ƙirga tikiti a cire kashe-kashe a raba riba. In za a ƙetare iyaka, shi ke riƙe takardar kwastan da aka jera kowane kaya da lambarsa. In akwati guda ya ɓace a hanya, lissafin fita bai dace da na shiga ba, sai a biya masa haraji kamar an sayar. Shi ne kuma zai tuna cewa wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230, kada a jona akwatin jita ya ƙone. Madugu ne sak.

Ɗan Damagaram: Na janye dako. To sai mu ce ɗan ayari.

Malama Mai Nahawu: A'a, da sauran gyara. Mawaƙin ma ai ɗan ayari ne, tunda a cikinsa yake tafiya. Kalmar ba ta raba mai hawa dandamali da mai kafa shi ba. "Yaron ayari" ta fi, don yaro a nan ba na shekaru ba ne, irin na yaron shago ne ko yaron sarki. Sai dai tana da ƙanshin raini in an rubuta, kuma mace fa? "Yarinyar ayari" wata ma'ana za ta ɗauko wadda ba mu so. Ni dai a rubuce na fi son ma'aikacin ayari, ma'aikaciyar ayari, ma'aikatan ayari.

Mai Fassara: Maganar raini tana da muhimmanci, don a tarihin rok iyakar da ke tsakanin mai kafa dandamali da mai hawansa siririya ce. Noel Gallagher ya nemi zama mawaƙin ƙungiyar Inspiral Carpets, ba su ɗauke shi ba, suka ba shi aikin kula da kaya, daga nan ya shiga ƙungiyar Oasis a 1991. Ian Stewart kuwa akasin haka ne. Da shi aka kafa Rolling Stones a 1962, a 1963 manajansu Andrew Loog Oldham ya cire shi daga jerin da ake nuna wa duniya don a ganinsa siffarsa ba ta dace ba. Bai yi fushi ya tafi ba, ya zauna yana tuƙa su yana kula da kaya, yana kuma kaɗa musu fiyano, har ya rasu a Disambar 1985. Neil Aspinall da tuƙa wa ƙungiyar Beatles mota ya fara a 1961, ya ƙare a shugaban kamfaninsu Apple Corps har 2007. Ba zan iya kiran irin waɗannan yara a rubuce ba.

Baba Ɗangwanja: Stewart ɗin nan da kuke faɗa ai madugu ne, ku ba shi girmansa. Da akwai jagaba ma, mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki, in suna da mai yin haka. Amma wannan siyasa ta riga ta cinye ta, ku bar ta.

Mai Fassara: Na gode Baba, na gode Malama. Bari in gwada: "Kafin ya kafa Motörhead, Lemmy ya yi zaman ma'aikacin ayarin Jimi Hendrix." Ta zauna. A cikin hira kuma, in mawaƙi ne ke ba da labarin kansa da wasa, zan bar shi ya ce "ni yaron ayarinsa ne". Saura takardar sharuɗɗan da ƙungiya ke aika wa mai shirya taro, irin wadda 'yan ƙungiyar Van Halen suka sa a ciki cewa a tsince musu alewar M&M's mai ruwan ƙasa daga kwano, don su gane ko an karanta sharuɗɗan wuta da nauyin dandamali. Ita ma tana buƙatar suna.

Injiniyan Sauti: Takardar sharuɗɗa ta wadatar, kada mu wahalar da kanmu. A dai raba ta biyu yadda suke yi: ta kayan aiki daban, ta ci da sha da masauki daban.