Ta ina za a fara koya wa 'yan sakandare ƙa'idar gini?

Malamar fasaha, Kano: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni SS2 wannan zangon, kuma akwai babi kan ƙa'idojin gini da kariya a wurin aiki. Littafin da muke da shi jerin dokoki ne kawai, ina karantawa yara na hamma. Wa ke da dabarar da ya gwada ta yi aiki?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki fara da doka, fara da abin da rashinta ya jawo. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Busa Buji, Jos, ɗalibai na ciki, mutum 22 suka rasu, akasari sa'anninsu ne. Sai benen Ikoyi, a Legas, mai hawa 21 da ya zube a Nuwamba 2021, ya kashe sama da 40. Idan sun yi tsit, sai ki kawo musu Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, ki ce ga abin da aka rubuta don a hana irin wannan.

Baba birkila: Injiniya ya faɗi gaskiya, amma yaro sai ya taɓa da hannunsa. 'Yata, ki sa a sayo miki bulo daga wurare uku daban. Kowanne a kankare shi da ƙusa a gabansu. Wanda ya sha siminti ƙusa za ta zame, wanda aka cuta kuwa sai ki ga yashi na zuba. Sannan a ɗaga shi daidai ƙirji a saki. Daga nan ba sai kin yi dogon bayani ba.

Malamin kimiyya, Zariya: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni na haɗa nawa da ɗakin gwaji. Mun kwaɓa kankare 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, muka zuba a gwangwanayen madara. Wasu muka cika musu ruwa har suka yi ruwa-ruwa, yadda leburori ke so don ya yi sauƙin zubawa. Wasu muka yi ta ba su ruwa kullum har mako guda, wasu muka bar su a rana. Bayan kwana 28 muka yanke gwangwanayen, aka kawo guduma. Wanda aka cika wa ruwa da wanda aka bari a rana su suka fara fashewa. Har yau idan yaran suka wuce inda aka zuba kankaren rufin bene suka ga ba a jiƙa shi, sai sun zo sun kawo mini rahoto. Yashi ma yana da nasa gwajin: a zuba a kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ya kwanta. Laka za ta hau sama, kowa ya ga yawanta.

Malamar fasaha, Kano: Wannan na gwangwani ya yi mini. To batun kai su wurin da ake gini fa?

Shugaban makaranta: Nan ne ban yarda ba. Yara arba'in ko hamsin a ƙarƙashin bene, rodi a tsaye, ƙusoshi a katako, babu hular kwano ko ɗaya? Idan wani abu ya faɗo wa ɗan mutane, ni za a nema. Ki gayyato magini mai rajista da CORBON, hukumar rajistar magina, ko injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya zo aji da zanen gini da takardar izini. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ke ba da izinin, a Kaduna takwararta KASUPDA. Su ga hatimin da idonsu.

Injiniya: Yallaɓai, da gaskiyarka, amma ana iya rabawa goma-goma, da takardar amincewar iyaye, a je ranar da ba a zuba kankare. Sa hular da takalmin kafin a shiga ƙofa ma darasi ne. Idan hakan ya gagara, makarantar kanta ta isa. Su zagaya da takarda: ina bango ya tsage, tsagar a tsaye take ko a karkace, ina rodi ya fito ya yi tsatsa, ƙofar aji ciki take buɗewa ko waje, idan gobara ta tashi ta ina za a fita.

Shugaban makaranta: Wato su tona mini asiri ke nan. To na ji, gara su da masu duba makarantu.

Hajiya, mai zanen gine-gine: Kada a manta yawancin yaran nan a gidan ƙasa suke kwana. Abin da ke kashe mutane a unguwanninmu da damina katangar ƙasa ce da ta sha ruwa ta faɗo cikin dare. Ki ba su aikin gida su duba indararo, ko yana zubar da ruwa a gindin bango, ko an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, ko gara ta ci azara. Ki ƙara da illar gini a kan magudanar ruwa da ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Kuma don Allah 'yan matan ma a ba su guduma, kada a bar su da rubuta sakamako kawai.

Baba birkila: Sai tsani. Kowane tsayin mita 4, a ja gindinsa mita 1 daga bango, wani ya riƙe. Siminti kuma yana cin fata, kada su kwaɓa da hannu babu safa.

Malamar fasaha, Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gwangwanayen zan fara Litinin don kwana 28 su cika kafin jarrabawa. Baba, bulon inci 9 zan sayo ko inci 6?

Baba birkila: Sayo inci 9, shi ake ɗora wa nauyi. Kuma kada ki faɗa wa masu bugawa abin da za ki yi da shi, sai su zaɓo miki mai kyau.