Neman shawara: fentin fiffiken Hurricane ɗina ya tattare, in kankare ko in rufe?

Abban Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu haɗa ƙananan jirage ku taimaka min, tun daren jiya hankalina bai kwanta ba.

Jirgin Hurricane ne, samfurin roba na wani jirgin yaƙin Ingila, ma'aunin 1/48, wato an ƙanƙanta na gaske sau 48, irin mai matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda ƙurar sahara. Ƙanina da ke karatu a Ingila ne ya taho min da shi, kuma guda ɗaya ne tak, in ya lalace ba ni da wani. Abin da ya sa na nace sai wannan jirgin, kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin lebura a filin jirgin saman Kano lokacin yaƙin Hitila. Su ne masu gangaro da durom-durom na mai zuwa gindin jirage. Muna yara yakan ba mu labarin yadda ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ɗaya ke sauka a jere bayan wani babba mai inji biyu da ke yi musu jagora, su sha mai, matuƙa su kwana, da sassafe su tashi su yi gabas. Ya ce suna sauka buɗu-buɗu, hancinsu ba ya taɓuwa don zafi. Sai da na girma na gane hanyar Takoradi, wani gari a gaɓar tekun Gana, yake nufi, wadda Ingila ta riƙa bi tana kai jirage Masar. Mahaifiyata tana da hotonsa guda ɗaya, niyyata in sa jirgin a gilashi kusa da hoton in kai mata ranar taron zuriya bayan Sallah. Na riga na faɗa wa kawunnaina, har ɗaya ya ce zai zo da jikokinsa su gani.

Haɗawa ta tafi lafiya. Na yi fenti, ruwan ƙasa mai duhu da launin yashi a sama, shuɗi mai haske a ƙasan ciki, na manna sitikoki. Jiya na zo tsufar da shi, na dama baƙin fenti da tina ya yi ruwa-ruwa, na bi layukan jikin da burushi, na bi da auduga. Fiffiken dama da sauƙi. Na hagu kuwa fentin ya tattare kamar saman kunu in ya huce, wuri ɗaya ma har roba ta fito tana danƙo. Gefen sitikokin kuma ya yi fari-fari. Ga hotonsa nan na saka. In kankare duka ne in sake, ko akwai yadda zan rufe?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam ka ba mu tarihin zuriya kaf amma ka bar abin da ake buƙata. Wane irin fenti ne a ƙasa, akirilik ko inamel? Wane tina? Ka sa banish kafin ka zuba baƙin ruwan ko kai tsaye? Ba a iya ba ka magani sai an san waɗannan.

Abban Sumayya:
Yallaɓai fentin ƙananan gwangwani ne da suka zo tare da kwalin, ƙanina ya saya. Tina kuma mai kyau ne, a wurin wani mai fentin mota na karɓo, ya ce shi ne mafi ƙarfi.

Injiniya:
To ka ji inda gizo ke saƙar. Ƙananan gwangwanin ƙarfe inamel ne. Tinan masu fentin mota kuwa ba fenti kaɗai yake narkarwa ba, robar da ake yin waɗannan jirage ma cinye ta yake, shi ya sa ka ji danƙo. Ƙa'idar ita ce ruwan da za ka zuba a sama kada ya zama mai narkar da abin da ke ƙasa. Inamel ya sha kwanaki ya bushe har warinsa ya tafi, ka fesa banish na akirilik mai sheƙi, ka manna sitika, ka sake fesawa, sannan ka zuba fentin mai na masu zane da aka tsinka da tina mara ƙarfi, wanda ba ya wari. Farin da ka gani a gefen sitika iska ce ta maƙale a ƙarƙashi saboda ka manna a kan fenti mai kaushi. Shawarata ɗaya ce, ka kankare duka ka faro daga fari. Duk wanda ya ce maka ka rufe, ɓata maka lokaci zai yi.

Mai Fentin Mota:
Injiniya ka daina ɗora wa tinanmu laifi. Ni da shi nake tsinka fenti in fesa wa ƙananan motocin da nake haɗawa, bai taɓa ci min roba ba. In da bindigar feshi aka yi, daga nesa, yana bushewa kafin ya yi ɓarna. Malam da burushi ya kwarara shi, shi ne matsalar. Abban Sumayya kada ka taɓa wurin yanzu, ka bari ya daskare sarai, in ka sa samfefa a kan danƙo cakuɗewa zai yi. Bayan nan ka jiƙa samfefa mai laushi, lamba 1000, ka lallaɓa wurin kaɗai, ka sake fenti. Fiffike ɗaya ba zai sa a rushe jirgi guda ba.

Maman Ilham:
Ni zane nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma ina haɗa irin waɗannan da yarana a gida. Yaya Abban Sumayya, sitikar da ta yi fari ba sai an cire ba. Ka sa bakin allura ka huhhuda wurin a hankali, ka ɗiga ruwan laushin sitika in kana da shi, ka danna da auduga mai ɗan damshi. Sau da yawa yana kwanciya. Ƙura kuma ba sai da ruwa ba, ka kankare allin zane mai launi ya zama gari, ka shafa da busasshen burushi. In bai yi maka ba ka goge, ba abin da ya lalace.

Amma gaskiya abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne kayan aiki. Na yi odar ƙananan kwalaben fenti ta hannun wani kamfanin jigila, aka riƙe su wata da watanni, ƙarshe aka ce ruwa ne mai kama wuta ba a sa shi a jirgi. Kuɗina har yau ban gani ba. Mutum yana son ya koya wa yara aikin hannu amma komai sai an roƙi mai zuwa daga waje.

Ɗan Yerwa:
Malama wallahi kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni ƙura ce ta gama da ni. Lokacin hunturu na fesa wa wani jirgin Spitfire banish, na rufe ɗaki ruf, da safe na tarar da shi kamar an barbaɗa masa gari. Yanzu sai na yayyafa ruwa a ƙasa, in kifa babbar roba a kansa. Ga wutar lantarki, kana tsakiyar feshi kwamfaresa ta mutu, fenti ya bushe a bakin bindiga. Su da ke yin bidiyo a ƙasashen sanyi ba su san wannan ba, shi ya sa nasu ke fita sumul. Af, Malam, jiragen kakanka a garinmu Maiduguri suke sauka bayan sun baro Kano, daga nan su nausa ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau.

Injiniya:
Tunda an shiga tarihi, bari in faɗi abin da na so in yi shiru a kai. Na buɗe hoton da ka saka na duba da kyau. Ka ɗiɗɗiga launin azurfa a jiki tun daga bayan kujerar matuƙi har jela, wai fenti ya ɓare ƙarfe ya fito. Babu fatar ƙarfe a wurin. Bayan Hurricane bututun ƙarfe ne a ciki, aka jera siraran katako a kai, aka lulluɓe da yadi aka shafe da fenti mai ɗaure shi. Waɗannan layuka masu tudu da kake gani a robar, katakon ne a ƙarƙashin yadi. Abin juya jela da na gefen fiffike su ma yadi ne. Inda azurfa za ta fito shi ne murfin inji, bakin fiffike, wuraren da makanikai ke kwance ƙusoshi, da gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa ya hau.

Na biyu, kuma wannan ya fi girma. Jiragen da suka bi ta Kano ba daga fagen fama suke ba. A cikin akwatuna ake kawo su Takoradi ta ruwa, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Masar. An faro wannan a watan Satumba 1940, bayan Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ya zama da haɗari. Abin da ya buɗe hanyar shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Hitila, a watan Agusta na shekarar. Jirage sama da 5,000 suka bi ta nan kafin ƙarshen 1943. Wanda ya sauka Kano kwanansa biyu ko uku da fitowa daga hannun masu haɗawa. Me zai ɓare masa fenti? Ƙura a tayoyi, ɗan tabon hayaƙi a bayan salansa, ɗigon mai a ƙasan ciki, shi ke nan. Ramukan bindigoginsa takwas ma a rufe suke, babu baƙin harbi. Sannan ka manna masa manyan haruffan runduna a gefe, alhali jirgin da ke kan hanya bai kai hannun wata runduna ba tukuna. In ma na farkon hanya kake nufi, da yawa da kore da ruwan ƙasa irin na Ingila suka taho. Ka ga dalilin da na ce ka kankare.

Abban Sumayya:
Yallaɓai na gode da ilimi, amma kakana da idonsa ya gani, ya ce buɗu-buɗu suke sauka. Ni abin da ya faɗa min nake ginawa. Launin yashin kuma shi ne a takardar da ta zo cikin kwalin, ba ni na ƙirƙira ba. Haruffan ma suna cikin sitikokin.

Injiniya:
Buɗu-buɗu ƙura ce, ba ɓarewar fenti ba. Takardar kwalin kuma jirgin da ya riga ya isa fagen fama take nuna maka. Ba musu nake da kakanka ba, Allah ya gafarta masa, kai ne ka haɗa jirgi biyu a jiki ɗaya.

Na Zango:
Ni a Sekondi aka haife ni, kusa da Takoradi, filin jirgin yana nan har yau a hannun sojan saman Gana. Dattawanmu na zango su ma suna ba da labarin dakon akwatunan nan daga tashar jirgin ruwa. Ɗan'uwa ka ƙyale masu ƙirga ƙusa. Hajiya mahaifiyarka ba za ta tambayi ina yadi ina ƙarfe ba. Ni ma na bar wani dandali saboda haka, ka yi wata kana aiki, ka saka hoto, abin da za a fara ce maka shi ne shuɗinka ya yi duhu. Ba mai cewa sannu.

Maman Ilham:
Malam Na Zango maganarka gaskiya ce, amma ta Injiniya ma tana da amfani ga shi Yaya. In jirgin sabo ne mai ƙura kawai, ai aikin ya ragu. Ya gyara fiffike, ya shafe azurfar bayan da ɗan fenti, ya bi da garin alli. Ƙurar ma kada ta yi ja sosai, ta hunturu fari-fari ce mai ɗan toka.

Ɗan Yerwa:
A'a Malama, ƙasar filin ai ja-ja ce, farfela na tayar da ita ta manne a tayoyi da ƙasan ciki. Ni da ja zan yi. In kuma kankarewa za a yi, man birki yana ɗaga inamel, a jiƙa a bari ya kwana.

Mai Fentin Mota:
Kada ka kuskura. Man birki yana sa wata robar ta yi ƙaras-ƙaras, ka taɓa ƙafar taya ta karye a hannunka. Gilashin kujerar matuƙi kuma in bai cire ba ya tafi kenan.

Injiniya:
Sai ya cire gilashin da farfela da ƙafafu tukuna, wannan kowa ya sani. Ni maganin wanke murhun gasa burodi nake sawa, a cikin leda a ɗaure, da safar hannu, a waje ba a ɗaki ba. Faɗin fiffiken Hurricane ƙafa 40 ne, a wannan ma'auni bai wuce santimita 25 da ɗoriya ba, leda ɗaya ta ishe shi. Sitika dai za ta tafi, sai ka yi da'irorin alamar sojan saman Ingila da fenti da salatif, ya ma fi kyau.

Abban Sumayya:
Gilashin na manne shi da gam mai ƙarfi, ba zai fita ba. Kuma ba ni da bindigar feshi, duk da burushi na yi, da'ira uku cikin juna ba zan iya da hannu ba. Azurfar bayan kuma gaskiya ni ta yi min kyau, Sumayya ma ita ta fara nunawa. Abin da na tambaya fiffiken hagu ne. Ɗazu na ɗan taɓa wurin da tsinken sakace, gefen ya yi tauri amma tsakiyar har yanzu yana lotsawa. Launin yashin kuma saura kaɗan a gindin gwangwani, ya fara kauri.

Mai Fentin Mota:
Na ce maka kada ka taɓa. Ka sa shi inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, rana za ta lanƙwasa fiffiken.

Injiniya:
In tsakiyar na lotsawa to tina ya shiga cikin robar, samfefa kaɗai ba za ta yi ba, sai an cike ramin. Ban canza magana ba.

Abban Sumayya:
To da me ake cikewa? Akwai ragowar abin cike lotsawar mota a wurin mutumin da ya ba ni tinan, zai yi? Sannan fentin da ya yi kauri, tunda kun ce tinan nan ba kyau, in tsinka shi da kananzir?