Wace kalma za mu sa wa "negligence"? Sakaci kaɗai bai isa ba

Salamu alaikum 'yan'uwa na Kumasi da Akra. Kalma nake nema, kuma ga abin da ya sa.

Daminar bara katangar tsakar gidan da goggona take haya a unguwar Aboabo ta Kumasi ta faɗo wa ɗanta a ƙafa, sai da aka yi masa ɗori. Tsagar katangar ba ɓoyayya ba ce, hannu yana shiga cikinta. Sau uku Goggo tana kai wa mai gidan kuka, yana ce mata a bari ruwa ya ɗauke. Alhali kuɗin hayar shekara biyu ya karɓa a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida kafin lokaci.

Na raka ta wajen lauya a Adum, ni ne tafinta. Lauya ya ce wannan "negligence" ne, tana iya neman diyya. Na juya na ce, "Goggo, ya ce sakaci ne." Sai ta gyara mayafi ta miƙe. "To ɗana, sakaci ai kowa yana yi. Allah ya kiyaye gaba." Da kalma ɗaya na kusa kashe mata shari'a.

A bakinmu sakaci abu ne mai sauƙi. Yarinya ta bar tuwo ya ƙone, sakaci; a yi mata faɗa, a wuce. A kotu kuwa sai an nuna cewa akwai nauyin kula da ke wuyan mutum, bai sauke shi ba, kuma rashin saukewar ne ya cutar da wani.

Wani abokina direban trotro, wato motar haya, ya ce a sa ganganci. Ban yarda ba. Mai ganganci ya ga haɗarin da idonsa ya afka, kamar wanda ya san birkinsa ya mutu ya loda fasinja. Dokar kuwa tana kama har wanda bai duba birkin ba sam, tunda ya kamata ya duba. A nan ne rigimar inshora take yawan tsayawa: kafin a biya wanda mota ta buge, ana son a san laifin wa. Kuskure ma bai yi ba, don mai hankali da kiyayewa ma yana kuskure.

Malaminmu a Asawase ya kawo kalmar tafriɗi, wato gazawa wajen kula da abin da aka damƙa maka, ya ce a fiƙihu wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya wuce gona da iri ko ya yi tafriɗi. Wallahi ma'anar ta zauna daram. Na ce, "Allah gafarta Malam, amma matan kasuwar Kejetia fa, za su gane ta?" Ya yi shiru, ya ce da gaskiyata.

Asalin wannan doka ta "negligence" ne ya buɗe min hanya. A 1928 a garin Paisley na Sikotilan aka saya wa wata mata lemon citta, ta sha, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar, ta kwanta ciwo. Ba ita ta biya kuɗin ba, ba wani ciniki tsakaninta da mai kamfanin. Amma a 1932 alƙali Atkin ya ce dole mutum ya kiyaye kada ya cutar da maƙwabcinsa, kuma maƙwabci shi ne duk wanda aikinka zai iya shafa kai tsaye. Kotunan Gana suna bin wannan tushe. Mu da muka tashi a zango, wa zai koya mana haƙƙin maƙwabtaka?

Shi ya sa na tsaya a kan "sakacin haƙƙi": sakaci da haƙƙin da wani yake da shi a kanka. Na koma na ce, "Goggo, mai gida ya yi sakacin haƙƙinku." Ta daɗe tana kallon ƙafar yaron, sannan ta ce, "Haƙƙi? To yaushe za mu koma?" Gara da ta tambaya, don dokar Gana ta 1972 kan wa'adin shigar da ƙara shekara uku kawai ta ba wanda aka ji wa rauni ya shigar da ƙara.

Mutanen Nima da Mamobi a Akra, in kun ji kalmar ta yi nauyi a baki ku faɗa min kafin Litinin, ranar za mu koma Adum.