Kansar fata ta dawo bayan gashin asibiti (radiotherapy): a gwada maganin haske?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. An gasa wa Baba kansar fata da na'urar asibiti a gefen hanci, yanzu ciwon ya sake tsirowa a wurin. An ba mu zaɓi, tiyata ko maganin haske. Shekarunsa 74, yana tsoron wuƙa. Wanne za mu bi?

Nas Bilki: Wa alaikumus salam. A maganin haske, ana kankare ɓawon ciwon, a shafa man Metvix (man da ke sa haske ya kashe ƙwayoyin kansar) kaurin milimita 1, a rufe awa 3, sannan a haska jan haske kamar minti 10. Bayan mako guda a maimaita, a duba bayan wata 3. Yana zafi kamar ƙuna, ana fesa ruwan sanyi. Kwana 2 kada rana ta taɓa wurin.

Dakta Sani: Hajiya, kafin komai a yanki ɗan nama a gwada. Maganin ba ya aiki sosai a ciwon da ya wuce milimita 2 zurfi, kuma wanda ya dawo bayan gashi yakan ɓuya ƙarƙashin tabo. Fatar da aka gasa jini ba ya gudana a cikinta sosai, maganin kuwa sai da iskar oksijin da jini ke kaiwa. A hanci, tiyatar Mohs ta fi, wato wadda ake yanke ciwon kaɗan-kaɗan ana dubawa har a cire shi duka.

Abu Zabiya: Wani yaro zabiya a unguwarmu sama kawai aka warkar masa. Fata ta yi sumul, ciwon na ci ta ƙasa, har ya rasa kunne. Allah ya isa!

Dakta Sani: Allah ya ba shi lafiya. Nau'in kansar da ya fi kama zabiya yakan nutsa ciki, maganin haske ba nasa ba ne.

Nas Bilki: Duk da haka, Dakta, hasken ya fi tiyata araha.

Alhaji Mai Kemis: Ina! Man daga waje yake, da dala, kuma sai a firij. Zama biyu zai iya zarce kuɗin tiyata.

Abu Zabiya: Mai kemis ne zai koya wa nas aiki?

Ɗan Auta: Ni da ina da fitilar caji mai ja, a kawo Baba kyauta.

Nas Bilki: Ba abin wasa ba ne, ƙanina.

Abu Zabiya: Ku bar wannan. Man kare fata daga rana fa? Mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 50 ake so, a sake shafawa duk awa 2. Wane talaka zai iya?

Maman Hanif: Dakta, sakamakon gwajin naman kwana nawa yake ɗauka?