Neman shawara: babur ɗin ne bai yi ba, ko hannuna ne bai faɗa ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na saba duk gem ɗin da na buga sai na rubuta ɗan sharhi a kansa na tura wa abokai, to wannan karon na maƙale. XG3: Extreme-G Racing na samu, na PlayStation 2, wanda kamfanin Acclaim ya fitar a 2001. Tseren babura ne na wani zamani mai zuwa, babura dogaye masu kama da harsashi, hanya kuma ta ɗauke ka sama, ta juya ka kai a ƙasa, ta sake zubo ka kamar an jefo ka daga bene. Kwana uku ke nan ina fama. Ba kwanar da zan shiga ban goge bango ba. Da na ga an wuce ni sai in danne turbo, wato maɓallin ƙara gudu, kafin a gama zagaye babur ya tarwatse. Jiya ma bayan kamar minti 20 sai jiri ya ɗebe ni, dole na ajiye hannun gem ɗin na kwanta.

Ga abin da na riga na rubuta: "Gudun ya wuce misali, babur ba ya jin magana, hoto tsohon yayi ne. Maki 4 cikin 10." Har zan tura, sai zuciyata ta ce dakata. Ku da kuka daɗe a harkar, in tura haka, ko zan ɗauki alhakin gem ɗin?

Wani da ya buga shi tun fitowarsa:

Wa'alaikumus salam. Ƙanina, kada ka tura tukuna. Abin da ka ba mu labari ba lalacewar gem ba ce, dokarsa ce ba ka karanta ba. Turbo ɗin nan daga jikin garkuwar babur ɗinka yake sha, tulunsu ɗaya. Duk daƙiƙar da ka danne shi kana sayen gudu ne da lafiyar babur. Kai kuma ga goga bango, ga abokan tsere suna yi maka ruwan harsashi ta baya, sannan ka ƙara da turbo. Ina zai kai ka? Ka lura da gefen hanya, akwai wuraren da aka shimfiɗa masu haske, in ka bi ta kansu ɗaya yana cika garkuwa, ɗaya yana cika makamai. Gwani yana ƙona garkuwarsa ne daidai yadda zai iso wurin cikawa da ɗan abin da ya rage, ba ƙari ba ragi. Duk daɗin wasan yana cikin wannan lissafin, kuma ko kalma ɗaya ba ka faɗa a kansa ba cikin sharhinka.

Sannan in tambaye ka, ka taɓa wuce gudun sauti? Na san ba ka yi ba, don da ka yi da shi za ka fara ba mu labari. Sauti yana tafiyar kusan kilomita 1,235 a awa cikin iska. A gem ɗin, idan injinka ya girma ka samu miƙaƙƙiyar hanya ka kai wannan gudun, sai ka ji wata ƙara bam, daga nan komai ya yi tsit. Kiɗan ya janye, rurin inji ya koma baya, kai kaɗai da hanya tana shigowa cikin idonka. Ranar da na fara yin sa riƙe numfashi na yi ban sani ba, sai da na daki bango sautin ya dawo na tuna ashe zaune nake. Injinan suna hawa ne daga aji 250G har 1000G. In har kana ajin farko, ƙofar gida kawai ka leƙa.

Wata 'yar'uwa:

Yaya, na yarda da maganar garkuwa, amma ban yarda ya goge wahalar da ya sha ba. Wanda zai karanta sharhin nan shi ma sabon shiga ne, kuma irin bangon da wannan ya goga shi ma zai goga. In gem bai iya nuna wa baƙo dokarsa cikin kwana uku ba, abin faɗa ne. Matsalar rubutunsa ɗaya ce: ya yanke hukunci bai faɗi inda ya tsaya ba. Malam, rubuta awa nawa ka buga, aji nawa ka kai, hanyoyi nawa ka gani cikin 10 da ke ciki. Daga nan mai karatu zai san nauyin da zai ɗora wa maganarka. Kuma ni da za ka ji tawa, ka bar maganar maki gaba ɗaya. Me 4 take gaya wa mutum? Amma in ka ce "sai da na yi kwana uku kafin na gane turbo yana cin garkuwa", ka ba shi abin da zai yi amfani da shi.

Wani kuma:

An ce da makaho ga ido, ya ce wari yake. Ka zo na ƙarshe sau goma, shi ke nan babur ba ya jin magana? Wasa nake yi, ɗan'uwa, ni ma haka na fara.

Mai gyaran na'urori:

Bari in taɓa maganar jiri da ta "ba ya jin magana", don ina zargin ba duka daga hannunka ba ne. A wace talabijin kake bugawa? An yi PlayStation 2 ne a zamanin talabijin mai ƙeya, wadda take nuna hoto nan take. Ta zamani mai faɗi sai ta tsaya ta gyara hoton, ta buɗa shi ya cika fuskarta, kuma wannan aikin yana jawo ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin motsi. A gem ɗin da ake tafiya a hankali ba za ka ji ba. A nan kuwa ƙiftawar ido ɗaya ita ce tsakaninka da bango. Shiga saitin talabijin ɗin ka nemi yanayin da aka ware don gem, ka kashe duk abin da ke ƙara wa hoto santsi, sannan ka sake gwada kwanar da ta fi ba ka wuya.

Jiri kuwa rigima ce tsakanin ido da kunne. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu ana juyawa, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune muke. Matsa baya daga allon, kunna fitilar ɗaki don idonka ya riƙa ganin abin da ba ya motsi, kuma da ka fara jin zufa ko tashin zuciya ka tashi, kar ka ce sai ka ƙarasa tseren. Mutane da yawa suna sabawa a hankali. Wannan ma ka sa shi a sharhin, akwai masu irin jikinka.

Wanda ya buga shi tun fitowarsa ya ƙara da cewa:

Na manta da batun "tsohon yayi". Da wa ka gwada shi? Sa'o'insa za ka jera masa: Kinetica na 2001, Wipeout Fusion na 2002, F-Zero GX na 2003. Kuma a irin wannan tseren kyan hoto ba shi ne gaba ba. Dubi F-Zero X na 1998 a Nintendo 64: da gangan aka rage masa ado don ya riƙe hotuna 60 a daƙiƙa da motoci 30 a kan hanya lokaci guda, kuma saboda wannan santsin ake yabonsa har yau. Tambayar da za ka yi ita ce, a cikin wannan gudun kana iya hango kwana kafin ta iso ka? Hoton yana sarƙewa in babura sun cunkushe? In kana son ganin asalin gidan, Extreme-G na farko na 1997 ne, an kuma saka shi cikin tsofaffin wasannin Nintendo Switch Online a 2024.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na canza saitin talabijin, kuma wallahi kamar an sauya min babur. Na daina taɓa turbo sai na hango wurin cika garkuwa, yau na zo na uku har sau biyu. Yaya, gudun sautin dai har yanzu ban kai ba. Anti, na goge makin, amma labarin bangon yana nan yadda kika ce. Yanzu ɗan kuɗin da na tara a tseren, inji zan fara ƙarawa ko makami?

Amsa:

Inji. Wanda ke gaba ba ya buƙatar harbin kowa.